An Gyara Ƙofa, An Bar Titi

Daga Ƙofar Mata zuwa Masallacin Juma'a na cikin birnin Kano ba wata doguwar tafiya ba ce. Mai ƙafa, in dai bai tsaya gaishe-gaishe ba, kafin gumi ya jiƙa masa wuyan riga ya isa. Amma da wuya a sami wani titi a ƙasar Hausa da ya tara abin da wannan ɗan taƙi ya tara. A wajen ƙofa ga filin Idi. Kana sako kai ciki ga marina. Ka ɗan taɓa tafiya ga Asibitin Murtala, ga Kasuwar Rimi, ga Shahuci, sannan ka ɓulla gaban masallaci, katangar Gidan Rumfa tana kallonka. Sallah da rini da jinya da cefane da shari'a da sarauta duk a kan layi ɗaya, kowanne da zamanin da ya kafa shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka fahimci adana tarihi a Kano. In an ce a kula da kayan tarihi, sai hankalinmu ya tafi kan ƙofa: a sake gina ta da bulo da siminti, a yi mata zankwaye, a shafa mata jan fenti mai kama da ƙasa, a rubuta sunanta a goshi. Shi ke nan, an sauke nauyi. Titin da ƙofar take buɗewa a kansa kuwa, da sorayensa da dakalansa da inuwoyinsa da masu sana'ar da ke raya shi, babu wanda ya ɗauke shi abin adanawa. Duk wanda ya sami dama sai ya rushe nasa ya ɗora shaguna. Mun riƙe murfi mun saki tukunya. Ni a ganina titin nan gaba ɗayansa shi ne abin tarihin, kuma ba zai tsira ba sai an taimaki mutanen da ke zaune a cikinsa su ci gaba da zama.

Ganuwar Kano, kamar yadda tarihin sarakunan birnin ya nuna, Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, lokacin gari yana manne da gindin Dala. Wannan ɓangare na kudu maso gabas sai a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya shigo cikin birni sosai. Rumfa ne ya faɗaɗa ganuwa, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya karɓi baƙuncin Shehu Maghili wanda ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙon jama'a. Ƙofar Mata tana cikin ƙofofin da ake dangantawa da wannan faɗaɗawa, kuma shekarar 1498 ce ake ba marinar da ke bakinta. Ke nan ranar da sojojin Ingila suka fasa birnin ta Ƙofar Kabuga, a watan Fabrairun 1903, hanyar da ta haɗa wannan ƙofa da fada ta riga ta shekara 400 ana bin ta.

Ba wai titin da muke gani yau shi ne na zamanin Rumfa ba. Faɗinsa da kwaltarsa aikin zamanin mota ne, kuma ita kanta ƙofar an buɗa ta an sake ta domin mota ta wuce. A dā hanya ce ta ƙafa da jaki da doki, tana lanƙwasa tsakanin katangu da kududdufai. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya ce lokacin shigowar fatake sukan ninka. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa tufa ce: saƙar Kano da rininta suna kaiwa Ghat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu. A cikin kayan da ake hada-hada da su a Kurmi a wancan zamani har da bayi, kuma duk mai son tarihin garin nan da gaske ba zai tsallake wannan ba don ba shi da daɗin ji. Amma arzikin da ya sa sunan Kano ya ratsa Sahara, babban kasonsa daga bakin rami irin na Ƙofar Mata ya fito.

Ka tsaya a bakin ramukan nan da hantsi ka kalli marini yana aiki. Yana zaune a kan 'yar kujera, rami a tsakanin ƙafafunsa, shuni ya riga ya kama farcensa da tafin hannunsa har ba ya fita da sabulu. Ya tsoma ƙyalle, ya juya shi a cikin ruwan, ya ɗago. Yadda ya fito ba shuɗi ba ne, kore-kore ne. Sai ya sha iska, a kan idonka, yake rikiɗa ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. Haka zai yi ta yi gwargwadon duhun da mai kaya yake so, in baƙi wuluk ake nema sai a kwashe awanni. Ruwan ramin kuwa baba ne da toka aka haɗa aka bari ya yi makonni yana nuna, kumfa ta taru a samansa, da wani wari da duk wanda ya taso a unguwar zai gane shi ko da an rufe masa ido. Daga can gefe kana jin masu bugu suna sauke guduma a kan yadi bi da bi, har sai ya ɗauki ƙyalli.

Ramukan sun haura 100, amma masu rai a cikinsu tsiraru ne. Sauran sun cike da ƙasa da leda. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin yana tsallaken titi: Kantin Kwari cike yake da atamfa da shadda 'yan waje, masu arha, masu launi kala-kala, waɗanda suka durƙusar da manyan masaƙun Sharaɗa da Challawa da Bompai, balle marini mai rami ɗaya. Yawancin masu zuwa marinar yanzu baƙi ne masu ɗaukar hoto da 'yan makaranta da aka kawo yawon buɗe ido.

Ga wani abu da ba kasafai ake faɗa wa 'yan makarantar ba, kuma shi ne ya sa na dage a kan cewa titi ake adanawa ba gini ɗaya ba. In ruwan rami ya mutu, akan kwashe lakar da ta kwanta a ƙasansa, a busar, a ƙona, shi ne katsi. Magina su karɓa su haɗa da gashin jima daga wajen majema, su zuba ruwan dafara, su yi laso. Da lason nan ake shafe rufin soro da saman katanga, ruwan sama ya sauka ya gangara ta indararo bai ratsa ba. Wato sharar marini ita ce kayan aikin magini, haka ma sharar majemi. Sana'o'in nan uku a sarƙe suke. Ranar da rini ya ja baya, rufin soro ma ya rasa abin da ke kare shi. Wanda ya zagaye marina da katanga ya kafa allo, bai kula da magini ba, rabin aiki ma bai yi ba.

In ka bar marina ka miƙa yamma, sai ka shiga wani zamanin. Asibitin da ake kira Asibitin Murtala tun bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976, asalinsa Asibitin Birni ne, wanda En'e ta gina a ƙarshen shekarun 1920. Zamanin Sarki Abdullahi Bayero ke nan, wanda ya hau a 1926 ya rasu a 1953, zamanin da aka jawo wa birnin ruwan famfo da wutar lantarki a 1931 da kuɗin Baitulmali, wato harajin talakawan Kano. Gine-ginen wannan zamani, na asibiti da na makarantu da na ofisoshin da ke kewaye da fada, suna da nasu fasali: bango mai kauri, baranda mai inuwa, taga mai fuskantar iska. Muna yi musu kallon kayan Turawa, alhali da kuɗinmu aka yi su, da hannun maginanmu da leburorinmu. Su ma sun kusa shekara 100, kuma su ne suka fi saurin tafiya, domin babu wanda ke jin ɗar in an ce za a rushe tsohon ɗakin jinya a ɗora bene. Asibiti yana buƙatar sababbin ɗakuna, wannan ba abin musu ba ne. Amma a ce ba za a iya ware ko gini ɗaya daga na farko a gyara shi yadda yake ba, wannan rashin niyya ne.

Masallacin Juma'a da titin ya ƙare a gabansa, mai koriyar ƙubba da hasumiya biyu, shi ma a zamanin Abdullahi Bayero aka gina shi, a farkon shekarun 1950. Kafin shi akwai masallacin ƙasa mai doguwar hasumiya, wanda yau sai a tsofaffin hotuna. Ba na ganin laifin mutanen wancan lokaci. Jama'a ta ƙaru, ginin ya tsufa, kuma a wurinsu sabon masallaci alama ce ta cewa Kano ba ta zauna a baya ba. Sun yi shi da kyau, har ya zama shi ma abin tarihi. Sai dai su suna da dubban gine-ginen ƙasa a kewaye da su, rasa ɗaya bai zama komai ba. Mu ba mu da wannan yalwar.

Titin nan ya ga baƙin ciki ma. A filin Shahuci rikicin Maitatsine ya ɓarke a ranar 18 ga Disamba 1980, aka kwashe kwanaki ana zubar da jini, mutum sama da 4,000 suka rasu. A ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 aka tayar da bama-bamai aka buɗe wuta a kan masallata a wannan masallaci, aka kashe fiye da 100, kuma asibitin da ke kan titin yana cikin inda aka yi ta kwasar mutane ana kaiwa. Allah Ya jiƙansu. Yaron da aka haifa bayan 2014 zai iya wucewa ta nan kullum ba tare da wani abu ya tuna masa ba, in ba wani babba ya zaunar da shi ya ba shi labari ba. Manyan da ke ba da irin wannan labari kuwa a dakali suke zama, dakalin kuma shi ne abin da ake fara fasawa in za a fitar da shago.

A nan ne zancen ya fi yi mini zafi. A bakin titi kusan komai ya zama shago, sai ka kutsa lungunan Yakasai ko Zango sannan za ka tarar da sauran sorayen dā. Ka shiga ɗaya da azahar ɗin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 a ma'auni. Kana tsallake dokin ƙofa za ka ji sanyi ya sauko maka a kafaɗa, babu fanka babu komai. Bangon ya kai kamu biyu a gindi, an ɗora shi da tubali ɗaya bayan ɗaya, yana sirancewa in ya yi sama. Ka ɗaga kai ka ga bakan gizo ya taso daga kowane ɓangare ya haɗu a tsakiya, an ɗaure shi ɗaurin guga, wani lokaci da 'yar tasa an manna a inda suka haɗu. A cikin bakan nan azara ce ta giginya, wadda gara ba ta ci, an jera ta gaɓa-gaɓa an lulluɓe da ƙasa. A ƙasa tabarma da buzu, a lungu tarin littattafai masu jan bango da allo a jingine. Daga waje zankwaye a kan kusurwa, da zanen da magini ya yi da hannunsa tun yaɓen yana ɗanye.

Soro ba ado ba ne kawai. Shi ne ɗakin jama'a a cikin gidan mutum ɗaya. A nan malami ke ba da karatu bayan asuba da bayan la'asar, a nan ake ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki, a nan ake sasanta maƙwabta kafin magana ta kai wajen mai unguwa, a nan baƙo ke kwana ba tare da ya shiga cikin iyali ba. Yawancin manyan malaman da Kano ke alfahari da su a irin waɗannan soraye suka yi karatu. In aka rushe soro aka yi shaguna huɗu da ƙofar ƙarfe, ba fasalin gini kaɗai ya canja ba. Unguwa ta rasa wurin zama, kuma da magariba in an ja ƙofofin an kulle, wurin ya zama kufai har gari ya waye.

Me ke cin sorayen nan? Mutane sukan ce jahilci ne ko rashin kishin tarihi. Ban yarda ba. Babban abin da ke cin su gado ne. Maigida ya rasu ya bar gida ɗaya da magada ashirin ko talatin, wasu a Legas, wasu a sababbin unguwannin bayan gari, wasu mata ne a gidajen aurensu, kowa da buƙatarsa. Gidan ba ya rabuwa, kuma babu mai ƙarfin sayen kason 'yan'uwansa. Ga ɗan kasuwa a tsaye da kuɗi a hannu, domin taku kaɗan ne zuwa Kwari da Rimi da Kurmi, kowane taƙi a nan zinariya ne. Sai a sayar a raba, kowa ya karɓi haƙƙinsa kamar yadda shari'a ta tanada. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu. Wanda ya saya kuwa ba gida ya saya ba, fili ya saya, kuma kafin wata ya zagayo katafila ta shiga.

Na biyu shi ne kunya. Mun kai wani matsayi da zama a gidan ƙasa ya zama alamar talauci, har saurayi yana jin nauyin a raka shi gida a ga bangonsu. Wanda ya sami 'yan kuɗi, in bai iya rushewa ba, sai ya shafe bangon da siminti don ya yi kama da na bulo. Wannan shafen kuwa shi ke kashe ginin. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa. In aka rufe ta da siminti, ruwan da ya shiga ta tsaga ba ya samun hanyar fita, sai ya yi ta cin bangon daga ciki. Daga waje lafiya lau, har ranar da za a yi ruwan Agusta na kwana biyu, ɓangare guda ya zube. Sai a ce ai ginin ƙasa ba shi da ƙarko. A haɗa da kududdufan da a dā ake haƙar ƙasar gini a cikinsu, su kuma riƙe ruwan damina. An cike su da shara an yi gini a kai. Yanzu ruwa ba shi da masauki sai gindin katangar mutane, mai son yaɓe kuma sai ya sayi ƙasa a mota daga bayan gari. Maginan da suka iya ɗaurin guga sun tsufa, 'ya'yansu sun koma ɗora bulo ko tuƙa adaidaita, kuma ba za ka zarge su ba tunda aikin ba ya zuwa.

Akwai masu cewa duk wannan zancen 'yan boko ne da ke kwana a gidan siminti da na'urar sanyaya ɗaki, suna so talaka ya zauna a cikin ƙasa don su sami abin nuna wa baƙi. Maganarsu tana da nauyi, kuma tilas a amsa ta da gaskiya. Ginin ƙasa yana kashe mutane in aka yi sakaci da shi. A watan Agustan 2023 wani ɓangare na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, ya rufto a kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. A watan Satumban 2024 tsohon masallacin Damagaram ya zube bayan mamakon ruwa. Kowace damina muna jin labarin bango ya faɗa wa yara suna barci. Uwar da ke kwana da fargaba in hadari ya haɗu ba ta da lokacin sha'awar zanko, kuma tana da gaskiya.

Amma abin da waɗannan asarori ke nunawa shi ne ginin ƙasa yana son kulawa duk shekara, kamar yadda kakanninmu suka sani. Kafin ruwa ya sauka ake yaɓe, a duba rufi, a gyara indararo, a share magudana. Aiki ne na kwanaki, kuma kuɗinsa bai kai na buhunan simintin da ake zubawa a gyaran ƙofa ɗaya ba. Mutanen Agadas sun riƙe wannan al'ada. Hasumiyar masallacinsu, mai tsayin mita 27, ta ƙasa ce, kuma tana tsaye ne saboda ana sabunta yaɓenta, ga itatuwan da ke jikinta waɗanda magina ke takawa. A 2013 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, ba hasumiyar kaɗai ba, har da unguwannin da mutane ke zaune a ciki. Ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita suna cikin jerin masu jiran wannan matsayi tun 2007, kuma tun daga lokacin abin da za a nuna raguwa yake yi. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi aka sake gina wata. Ganuwar kanta, a wurare da yawa, an yanka ta filoti-filoti.

A watan Disambar 2024 UNESCO ta karɓi hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake taƙama da su, muka yi murna, kuma ya cancanci murna. To amma hawa ba a sarari yake tafiya ba. Ta titin nan Sarki ke fita Idi, ta cikin unguwanni yake komawa, mata da yara a kan soraye da katangu suna guɗa. In aka wayi gari dawakin suna ratsawa tsakanin benayen shaguna masu gilashi daga farko har ƙarshe, an rage wa hawan wani abu da kayan doki ba za su mayar ba.

Filin Idin kansa ya isa misali. A zamanin gwamnatin Abdullahi Ganduje aka yanka gefensa aka gina shaguna. A watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su. 'Yan kasuwa suka kai ƙara, kotun tarayya ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan abin da bai kai haka ba. Kowa na da ɓangaren da yake goyon baya a wannan rigima, amma ni abin da na gani shi ne filin da al'umma ta gada ba shi da wata kariya tsayayya. Makomarsa tana hannun wanda ke kan kujera: wannan ya yanka, wancan ya rushe, dukiyar mutane ta salwanta a tsakani. Da akwai doka bayyananniya da ta ce daga nan zuwa nan ba a taɓawa, ko wane ne gwamna, da ba a yi ginin ba balle a yi rusau.

Irin wannan doka nake so a yi wa titin Ƙofar Mata da lungunan da ke jikinsa, amma ba dokar hani zalla ba. In ka ce wa magada ba za su sayar ba, ba za su rushe ba, ba ka kuma ba su komai ba, ka zalunce su, kuma za su bar gidan ya faɗi da kansa. Abin da zai yi aiki shi ne a raba magana biyu. Cikin gida na masu gida ne: su yi banɗaki na zamani, su ja wuta da ruwa, su sake ɗakunan kwana da bulo in sun ga dama. Soro da fuskar gida kuwa, tunda jama'a ke amfana da su, jama'a su ɗauki nauyinsu. Gwamnatin jiha ta ware wani abu duk shekara don yaɓe da laso, a biya magina kai tsaye ta hannun Sarkin Magina da masu unguwanni, a sayi katsin daga marinar da ke bakin ƙofa. Kuɗi kaɗan ne, kuma zai zaga hannun mutanen titin: marini ya sami ciniki, magini ya sami dalilin koya wa ɗansa, mai gida ya kwana da kwanciyar hankali. Hukumar da ke ba da izinin gini kuma ta sa iyaka ga tsayin bene a kusa da masallaci da fada, ta daina amincewa da zanen da ya cinye dakali da inuwa.

Maganar gado kuwa, maganinta yana cikin addininmu. Attajiran Kano ba su da rowa wajen gina masallaci, har wani lokaci ka ga biyu suna kallon juna a layi ɗaya. Da ɗaya daga cikinsu zai sayi tsohon gidan malami in ya zo rabo, ya biya magada farashin kasuwa, ya yi waƙafinsa ya zama makaranta ko ɗakin karatu ko masaukin ɗalibai, da ya yi sadaka mai gudana, ya kuma tsare abin da kuɗi ba sa sake ginawa. Malamanmu su ne za su iya faɗar wannan a kan mumbari a saurare su, tunda gidajen malamansu ne ke tafiya.

Kafin duk wannan akwai aikin da ba ya jiran kasafin kuɗi. A ƙirga abin da ya rage. Jami'ar Bayero da ta Wudil da ta Ahmadu Bello duk suna da ɗaliban zanen gine-gine, ta Bayero da ta Ahmadu Bello kuma har da na tarihi, ga Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, ga ma'aikatan Gidan Makama. A raba musu lunguna daga bakin ƙofa zuwa masallaci, su bi gida-gida da izinin masu unguwa, su auna kowane soro, su ɗauki hotonsa, su rubuta wanda ya gina shi da wanda ya zauna a ciki daga bakin dattawan da suka sani, su kuma rubuta sunan duk maginin da ya iya ɗaurin guga da inda yake. Waɗanda bangonsu ya tsage a sa musu alama a fara da su. Aikin rani ɗaya ne in an sa kai, kuma a rani ya kamata a yi shi, domin yaɓe ba ya yiwuwa in ruwa ya riga ya sauka.